Waɗanda Gida Ya Bari: Maƙabartun 'Yan Poland Daga Tehran Zuwa Tengeru

A gindin Dutsen Meru, ba nisa da birnin Arusha a arewacin Tanzaniya, akwai wani gari da ake kira Tengeru. Idan ka bar babbar hanyar Moshi ka gangara ta wajen Tafkin Duluti, za ka iske wata ƙaramar maƙabarta a kewaye, tsaf da ita, a ƙarƙashin inuwar itatuwa. Kaburbura ne kimanin 150 a jere. Sunayen da ke kansu masu wuyar faɗa ne a bakinmu, da yawa suna ƙarewa da "ski" ko "ska". Mafi yawan shekarun rasuwar sun faɗa tsakanin 1942 da farkon shekarun 1950. Mutanen ƙasar Poland ne, kuma akasarinsu mata ne da tsofaffi da ƙananan yara.

Me ya ɗauko tsohuwa daga wani ƙauye a gabashin Turai har ta zo ta cika a Afirka ta Gabas? Mukan ce ƙasar mutum ce ke kiransa. To amma kafin ƙasar Tengeru ta kira waɗannan bayin Allah, sun yi tafiyar dubban kilomita, kuma duk inda suka yada zango sun bar maƙabarta: a Uzbekistan, a Iran, a Iraƙi, a Indiya, a Yuganda, a Italiya. Wanda ya bi maƙabartun nan ɗaya bayan ɗaya zai karanta tarihin da aka hana faɗa a cikin Poland ɗin kanta fiye da shekara 40.

Gaba kura, baya siyaki

Ranar 1 ga Satumba 1939 sojojin Hitila suka auka wa Poland ta yamma. Ranar 17 ga watan, sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo ta gabas, bisa wata yarjejeniyar sirri da ƙasashen biyu suka ƙulla a watan Agusta. Suka raba ƙasar kamar an raba nama. Stalin ya ɗauki rabin gabas, yankin da yau mafi yawansa ke cikin Yukren da Belarus.

Da asubahin 10 ga Fabrairu 1940, cikin tsananin hunturu, jami'an tsaron Sobiyet suka fara buga ƙofofi. Akan ba iyali ɗan lokaci kaɗan su ɗaure kayansu, a kai su tasha, a cusa su cikin taragon dakon kaya a kulle. A wannan karon kaɗai an kwashi mutum kusan 140,000, yawancinsu iyalan tsofaffin sojojin da aka ba gonaki da na ma'aikatan gandun daji. A watan Afrilu aka kwashi mata da 'ya'yan hafsoshi da 'yan sanda da ke tsare. Matan ba su san cewa a daidai wannan lokacin ake harbe mazajen nasu ba, mutum kusan 22,000, a dajin Katyn da wasu wurare. A watan Yuni aka kwashi 'yan gudun hijirar da suka tsere wa Jamus, akasarinsu Yahudawa. Aka sake wani kwasan a tsakiyar 1941. Takardun hukumar tsaron Sobiyet sun nuna jimillar kimanin 320,000 a kwasa huɗun nan, ban da fursunonin yaƙi da waɗanda aka ɗaure. Tsofaffin ƙididdigar 'yan Poland sun fi haka nesa ba kusa ba.

An watsa su a dazukan arewacin Rasha da Siberiya suna saran itace, wasu a gandayen gwamnati na Kazakistan. Wanda bai cika aikin da aka yanka masa ba, a rage masa burodi. Yara da tsofaffi ne suka fara faɗuwa.

Afuwa ga wanda bai yi laifi ba

Sai Hitila ya juya wa abokin rabonsa baya. Ranar 22 ga Yuni 1941 Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet hari, Stalin ya wayi gari yana neman abokai. Ranar 30 ga Yuli, a Landan, shugaban gwamnatin Poland mai gudun hijira, Janar Sikorski, ya sa hannu a kan yarjejeniya da jakadan Sobiyet, Maisky. Aka sanar da "afuwa" ga 'yan Poland da ke tsare, kalmar da ta yi musu zafi, domin ba su san laifin da aka yafe musu ba. Aka fito da Janar Anders daga kurkukun Lubyanka na Mosko, aka ce ya haɗa runduna.

Labari ya bazu a sansanoni. Duk mai ƙarfin tashi ya kama hanyar kudu, a jirgin ƙasa, a kwalekwale, a ƙafa. Maza suna neman shiga soja, mata da yara suna bin sojan saboda nan ne kaɗai ake sa ran loma. A farkon 1942 aka mayar da rundunar Asiya ta Tsakiya, hedikwatarta a Yangiyul kusa da Tashkent. A nan ne taifus, zazzaɓin nan da ƙwarƙwata ke yaɗawa, ya yi musu mummunar ɓarna, ga atini, ga yunwa. Sojoji suna raba ɗan abincinsu da marayu. Dubbai suka mutu tun ba su ga filin daga ba. Shi ya sa a yau ake da maƙabartun 'yan Poland fiye da goma a Uzbekistan, a garuruwa irin su Guzar da Kermine da Shahrisabz. Su ne shafin farko na wannan littafi na duwatsu.

A watan Maris 1942 Stalin ya ce abincin mutum 44,000 kawai zai iya bayarwa, alhali rundunar ta wuce haka da yawa. Aka amince rarar ta fice zuwa Iran, wadda a lokacin take ƙarƙashin mamayar Birtaniya da Sobiyet. A kashi biyu, Maris zuwa Afrilu da kuma Agusta zuwa Satumba 1942, mutum kimanin 115,000 suka fita, a cikinsu akwai farar hula kimanin 37,000, kusan rabinsu yara. Mafi yawa sun tsallaka Tekun Kaspiyan ne daga tashar Krasnovodsk, a cunkushe cikin jiragen dakon mai da na gawayi. Bayan nan ƙofa ta rufe. A watan Afrilu 1943, da Jamusawa suka tono ramukan Katyn kuma gwamnatin Poland ta nemi a yi bincike, Mosko ta yanke hulɗa da ita. Dubban ɗaruruwa suka rage a baya.

Shekara guda a kan duwatsu da yawa

Tashar da suka sauka a Iran sunanta Pahlavi a lokacin, yau Bandar Anzali. Aka kafa musu tantuna a kan rairayin bakin teku, aka aske kawunansu, aka ƙone tsummokaransu saboda ƙwarƙwata. Abin tausayi, wasu abinci ne ya yi ajalinsu. Cikin da ya shekara biyu bai ga maiƙo ba, aka ba shi naman rago da shinkafa, ya kasa ɗauka. A maƙabartar Anzali akwai kaburbura 639, kuma farar hula sun ninka sojoji kusan sau uku.

Daga nan manyan motoci suka haura da su duwatsun Alborz zuwa Tehran. A unguwar Dulab, ta gabashin birnin, akwai maƙabartar Kiristoci, kuma a cikinta ne ake da fili mafi girma na 'yan Poland a Iran: kusan mutum 1,900. Duwatsun iri ɗaya ne, layi bayan layi. Idan ka dubi hotunansu, abin da zai fara tsaya maka a rai shi ne shekarar rasuwa. Kusan duk inda ka kai ido, 1942 ce. Sai ka koma kan shekarar haihuwa ka yi ɗan lissafi: wannan shekararsa uku, wannan biyar, waccan ko shekara ba ta cika ba. Akwai wasu fiye da 50 a maƙabartar Yahudawa ta Tehran, akwai kuma ƙananan filaye a Ahvaz da Mashhad da Isfahan. Isfahan ce ta karɓi marayu sama da 2,000, har 'yan Poland suka yi mata laƙabi da birnin yaran Poland, kuma a 2008 hukumar gidan wayarsu ta buga kan sarki don tunawa da haka.

Ya kamata a tuna halin da masu masaukin suke ciki. Iran tana fama da ƙarancin hatsi saboda mamaya, har aka yi boren burodi a Tehran a watan Disamba 1942. Duk da haka, waɗanda suka rayu sun yi ta ba da labarin mutanen gari da ke jefa musu dabino da 'ya'yan itace cikin motoci. Kuma ɗan Iran ne ya fara tono labarin da na'urar ɗaukar hoto. A 1970 wani mai shirya fim, Khosrow Sinai, ya je Dulab wajen wani taron makoki, ya ga jerin duwatsun nan masu baƙin sunaye da shekara guda. Ya shiga tambaya, ya shafe fiye da shekara goma yana bin waɗanda suka rage a Iran har da New Zealand, ya kammala fim ɗinsa a 1983.

Daga Iran zuwa ko'ina

Iran zango ce. Birtaniya ta rarraba farar hular a ƙasashen da take mulka da na ƙawayenta. A Indiya, sarkin Nawanagar, Digvijaysinhji, ya buɗe wa ɗaruruwan marayu sansani a Balachadi, kuma yau akwai dandali mai sunansa a Warsaw. Wasu kimanin 5,000 suka zauna a Valivade kusa da Kolhapur. Sama da 1,400 aka kai Santa Rosa a Meziko. Yara 733 suka sauka a New Zealand a watan Nuwamba 1944.

Kaso mafi girma Afirka ya zo: tsakanin mutum 18,000 da 20,000, daga 1942 zuwa 1944, ta tashoshin Mombasa da Tanga da Darussalam da Beira. An zaunar da su a sansanoni kimanin 20 a ƙasashen da yau ake kira Tanzaniya, Yuganda, Kenya, Zambiya, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Tengeru ce babba, da mutum wajen 4,000 a cikin zagayayyun bukkoki masu jinka, ga makarantu, ga asibiti, ga gona. Maza majiya ƙarfi ba su da yawa, suna wajen yaƙi. A Nyabyeya, kusa da Masindi a Yuganda, mata ne suka yi mafi yawan aikin gina coci tsakanin 1943 da 1945. Cocin yana nan, mutanen yankin ne ke ibada a ciki, maƙabartar tana gefensa. Akwai wata a Koja a bakin Tafkin Victoria.

Zamansu a Afirka yana da sarƙaƙiya. Turawa ne a ƙasar da Turawa ke mulki, 'yan ƙasa ne suka share dazukan suka gina musu bukkokin. Amma kuma Turawa ne matalauta da suka san bauta da yunwa, irin waɗanda gwamnatin mulkin mallaka ba ta so talakawanta su riƙa gani. An taƙaita musu fita da cuɗanya da mutanen gari. Waɗanda suka rasu a nan, wasu zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke su, wasu kuwa jikinsu ne bai taɓa farfaɗowa daga wahalar Siberiya ba.

Hanyar sojoji

Mazajensu da 'ya'yansu samari wata hanya suka bi. Daga Iran aka kai rundunar Anders Iraƙi, inda zafi da cuta suka bar kaburbura sama da 400 a Khanaqin. Daga nan Falasɗinu da Masar, sannan Italiya daga ƙarshen 1943.

A kudu da birnin Rum akwai wani tsauni, Monte Cassino, da tsohon gidan ibadar Kiristoci a ƙololuwarsa. Jamusawa sun kafa tunga a wurin sun tare hanyar Rum. Sau uku sojojin ƙawance suna kai hari daga watan Janairu 1944 ana mayar da su. A hari na huɗu aka ba 'yan Poland aikin hawa tsaunin. Suka fara ranar 11 ga Mayu da dare, ranar 18 ga Mayu suka kafa tutarsu a kan kangon ginin. Sun rasa mutum sama da 900 a cikin kwanakin nan. Abokan yaƙinsu ne suka gina musu maƙabarta a gangaren da suka faɗi, aka buɗe ta ranar 1 ga Satumba 1945. Tana da kaburbura 1,072: Katolika, da mabiya ɗariƙar Otodoks, da Yahudawa. Akwai wasu manyan maƙabartu uku na rundunar a Italiya, a Casamassima da Loreto da Bologna. Da yawa daga cikin waɗanda ke kwance a wuraren nan, shekara uku kafin nan itace suke sara a cikin ƙanƙara.

Tsinken ashana uku

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗannan ba su bar gida da son ransu ba, kuma gidan nasu ɗauke shi aka yi.

Daga 28 ga Nuwamba zuwa 1 ga Disamba 1943, Stalin da Roosevelt na Amurka da Churchill na Birtaniya suka yi taro a Tehran, 'yan kilomita kaɗan daga maƙabartar Dulab. A nan Churchill ya jera tsinken ashana uku ya nuna yadda za a matsar da Poland yamma: Sobiyet ta riƙe yankin gabas, a biya Poland da ƙasar Jamus. Babu ɗan Poland ko ɗaya a ɗakin. Wannan ya faru wata biyar da rabi kafin samarin yankin gabas ɗin su hau Monte Cassino. Taron Yalta na Fabrairu 1945 ya fito da maganar fili. Birnin Lwów, da ƙauyukan da aka kwaso mutanen nan, suka zama ƙasar Sobiyet, sauran Poland kuma ta koma hannun gwamnatin kwaminisanci mai biyayya ga Mosko.

Komawa gida ta zama komawa hannun wanda ya sa ka a tarago. Kaɗan ne suka yarda. Mafi yawa suka wuce Birtaniya, wadda ta yi dokar zaunar da su a 1947, wasu Kanada da Ostireliya. Tsofaffin sojojin Anders da suka koma garuruwansu a ɓangaren Sobiyet, a 1951 aka sake kwashe su da iyalansu zuwa Siberiya. Shi kansa Anders, gwamnatin Warsaw ta ƙwace masa izinin zama ɗan ƙasa a 1946. Da ya rasu a Landan ranar 12 ga Mayu 1970, aka cika wasiyyarsa, aka binne shi a Monte Cassino tsakanin yaransa.

Kwafin da hannu bai kai gare shi ba

A Poland ta kwaminisanci, Tarayyar Sobiyet babbar ƙawa ce, don haka ba a koyar da kwasan 1940 a makaranta, ba a buga shi a jarida. Kisan Katyn kuwa an ɗora wa Jamusawa, sai a watan Afrilu 1990 Mosko ta amsa laifinta. Iyalai sukan yi maganar a cikin ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa.

Duk mai aiki da rumbun bayanai na kwamfuta ya san wata ƙa'ida: kada ka ajiye abu mai muhimmanci a wuri ɗaya, kuma kwafin ajiya ya kasance inda wanda ya lalata na farko ba zai iya kaiwa ba. Ba da shiri ba, maƙabartun nan suka zama irin wannan kwafi. Mai tace labarai a Warsaw yana iya cire shafi daga littafi, amma ba shi da iko a kan dutsen da ke Anzali ko Tengeru. Kowane dutse yana ɗauke da abu uku ko huɗu: suna, shekarar haihuwa, ranar rasuwa, wani lokaci lamba. Ɗaya shi kaɗai baƙin cikin gida guda ne. Idan aka tara 1,900 a wuri ɗaya, dole mai hankali ya tambaya: me ya kawo yaran Poland Tehran a 1942, kuma daga ina suka fito a wannan hali? Tambayar da Sinai ya yi ke nan.

Sai dai rumbun bai cika ba. Duwatsun nan na waɗanda suka samu fita ne. Wanda ya mutu a tarago aka ajiye gawarsa a gefen layin dogo, da wanda aka tona wa ɗan rami a daji da ƙyar saboda ƙasa ta daskare, ba su da dutse. Don cike wannan giɓi ne wata cibiya mai zaman kanta a Warsaw, KARTA, ta fara tattara sunayen waɗanda Sobiyet ta zalunta tun ƙarshen shekarun 1980, da taimakon ƙungiyar Memorial ta Rasha. A 2021 aka buɗe gidan tarihin tunawa da Siberiya a birnin Białystok. Amma a watan Disamba na wannan shekarar kotun ƙolin Rasha ta ba da umarnin rushe Memorial, kuma a 2022 aka sauke tutar Poland daga maƙabartar Katyn. Hannun da ke goge tarihi bai gaji ba tukuna.

Masu riƙon amana

A maƙabartunmu da yawa ba a damu da rubuta suna ba. Ɗan itace ko ɓallin tukunya ya isa alama, domin akwai ɗa ko ƙane da zai nuna ya ce nan ne. Mutanen da aka tumɓuke daga ƙasarsu ba su da wannan gatan. Sun san sansanin zai tashi, kowa zai watse, don haka suka damƙa wa dutse abin da mu muke damƙa wa dangi. Mu ma wannan yaƙin ya yi mana haka. Sojojin Nijeriya da suka je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da yawansu daga Arewa, waɗanda ba su dawo ba sunayensu na rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Jikokinsu nawa ne suka san da wurin?

Dutse kuma ba ya share kansa. Tsawon shekarun da gwamnatin Poland ba ta son a ambaci waɗannan matattu, wasu filayen ciyawa ta cinye su, wasu kuwa sun tsira saboda limaman coci, da 'yan gudun hijirar da suka yi aure suka zauna, da mutanen gari da ba su haɗa jini ko harshe da mamatan ba. Sai bayan 1989 hukumomin Poland suka fara gyara su sosai, daga baya malamai da ɗalibai daga Krakow suka riƙa zuwa Afirka suna wanke duwatsu suna kwafe sunaye.

A Tengeru, an rufe sansanin a farkon shekarun 1950, wurin ya koma makarantar aikin gona da kiwo. Wani daga cikin 'yan gudun hijirar ya ƙi tafiya, ya tsufa a yankin, ya rasu a 2015, aka binne shi tare da mutanensa. Mai kula da maƙabartar ɗan Tanzaniya ne, kuma gadon aikin ya yi daga mahaifinsa. Shi ke share ganye, shi ke buɗe ƙofa idan baƙi sun zo daga Birtaniya ko Kanada ko Ostireliya da tsohon hoto a hannu suna neman kabarin kaka. Ya kai su layin da take, ya tsaya gefe har su gama, sannan ya miƙa musu littafin baƙi su rubuta sunansu.